Malafar Aroita

Ranar da Kautu ya fara ganin Aroita, ƙafarsa ɗaya wari take.

Ya biyo gaɓar teku ne don ya yanke hanya zuwa ajin Turanci. Ruwa ya janye, ya bar duk ajiyar da mutanen tsibirin Betio suka ba shi da asuba a fili: gwangwanaye, kunzugun jarirai, kawunan kifi, da wanda ba a faɗa. A kan wanda ba a faɗa ɗin silifas ɗinsa ya sauka. Ya goga a yashi, ya goga a jikin tsohuwar igwar yaƙin nan mai tsatsa, ya tsine wa wanda ya tsuguna a wurin har jikokinsa, sannan ya shiga rumfar coci ya raɓe a bakin tabarma can baya.

Yarinyar da ke gabansa ta shaƙi iska, ta yamutsa hanci, ta juyo. Fure fari a bayan kunnenta, gashinta har gadon baya.

"Bawan Allah, kai ne ko iska ce?"

"Iska ce."

"To iskar nan silifas gare ta."

Ya cire shi ya wurga waje. Ta bi silifas ɗin da ido har ya faɗi, ta danne dariya, ta matsa masa wuri.

Ajin na masu neman tafiya Ostireliya ne, wasu tsinkar 'ya'yan itace, wasu kula da tsofaffi, kuma ba mai wucewa sai ya iya amsa tambayoyin Bature. Kautu ya bar makaranta tun aji biyu na sakandare. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa, ya yi kwandasta, ko'ina bai daɗe ba. Yanzu karewe yake tatsa, zaƙin nan da ke ɗiga daga hudar kwakwa, safe da yamma yana saman bishiya. Daga can yake ganin rufin kwano kan rufin kwano, da garken aladu a bayan kowane gida, abin ya cika masa ciki. So yake ya bar tsibirin ko da a bayan kifi ne.

Malamar, Nei Rotia, tsohuwa ce mai sanda da tabarau. Ba ta da littafi. Katuna gare ta, kowanne da hoton wani babban birni, a bayansa an kwatanta birnin da Turanci, an ja layi a ƙarƙashin kalmomin da take so a haddace. Ta raba, ta ce kowa ya haɗu da na kusa da shi.

Aroita ta sami Venice. Kautu ya sami Mumbai.

"Karanta mana naka," in ji ta.

Ya bi haruffan da yatsa kamar mai tsince ƙaya a kifi. "Crowded."

"Cunkoso," Nei Rotia ta faɗa daga gaba. "Mutum kan mutum."

"Polluted."

"Gurɓatacce."

"Filthy."

"Ƙazami."

Kautu ya ajiye katin. "Ashe Turawa sun san Betio."

Aji ya kwashe da dariya. Aroita ba ta yi ba, sai ta ɗaga nata katin. "Nawa birni ne da ruwa ke ci a hankali, amma an ce masa graceful, wato mai kyan gani. Mu ma ruwa na cin mu. Me ya sa ba ka ga wannan ba?"

"Saboda ban taka shi ba."

A nan ta yi dariyar, har furen kunnenta ya faɗi. Shi ya ɗauka, bai kuma mayar ba.

Tun daga ranar kowa da irin kalmomin da yake tarawa. Ita masu kyau: Alƙahira ancient, Santambul magnificent. Shi kuwa duk katin da aka miƙo masa, munanan yake fara tsintowa, su ne kawai ke zama a kansa. Ya san yadda ake cewa hayaƙi, bola, magudanar ƙazanta. Bai san yadda ake gaisuwar rana ba.

Da yamma saƙonta ya shigo.

"Mumbai, ka wanke silifas?"

"Na bar wa teku, dama nata ne. Venice, kin ci abinci?"

"Kifi da shinkafa. Maimaita min kalma ɗaya mai kyau, ɗaya tak, in ba haka ba gobe ba zan zauna kusa da kai ba."

Ya rubuta mata kalma ɗaya.

"Aroita."

"Wannan ba Turanci ba ne, ɗan rainin wayo. Amma na karɓa."

Masu tatsar karewe waƙa suke yi a saman bishiya, kowa ya sani, don matan da ke wanka a ƙasa su san da mutum a sama. Kautu ya nemi izinin hawa wata kwakwa da ke kallon gidan su Aroita, ya canza waƙarsa. Maimakon ta kakanni, sai ya riƙa jero birane: Landan mai hazo, Tokyo mai sauri, Venice mai kwana a ruwa, ta hana ni kwana a tudu. Aroita na shara a tsakar gida, tsintsiyarta ta riƙa bin waƙar.

Mahaifinta ma ya ji. Dattijo Tabuia ya yi ƙuruciyarsa yana aikin haƙar taki a tsibirin Nauru, ya dawo da tari da Turanci da taurin kai. Ya ɗaga ido ya dubi bishiyar.

Wata ranar aji ta zo da abu a ƙunshe cikin zane. Malafa ce ta ganyen pandanas mai kama da kaba, saƙa mai laushi, an zagaye ta da siririyar igiya baƙa mai sheƙi.

"Rana na dafa maka ƙwaƙwalwa a saman bishiya, shi ya sa kalmomi ba sa zama," in ji ta.

Ya shafa igiyar, hannunsa ya tsaya. Gashi ne. Ya dubi kanta, ya ga inda aka yanka a bayan kunne.

A wurinmu kai ba abin wasa ba ne, ko yaro ba a dafa masa kai haka kawai. Mace ta yanki gashinta ta kitsa ta ɗora a kan namiji, ta gama magana.

"Venice…"

"Kar ka ce komai, za ka ɓata shi. Saka in gani."

Ya saka. Ta ɗaga gira, wato e.

Da zango ya ƙare, Nei Rotia ta tara iyaye a maneaba, babbar rumfar taron unguwa, don kowane ɗalibi ya tashi ya kwatanta birninsa. Aroita ta yi nata tiryan-tiryan, aka tafa. Da aka zo kan Kautu, ya miƙe, ya ga idanu, komai na katin ya gudu. Iska ta taso daga gaɓa ta shigo rumfar da warinta. Sai bakinsa ya buɗe da kansa.

Ya ce sunan birninsa Betio. Ya ce cunkoso ne, gurɓatacce ne, ƙazami ne. Ya ce tekunsa masai ne, titinsa bola. Duk da Turanci, ba gargada ko ɗaya, bai taɓa yin magana mai tsawon haka ba. Yawancin iyayen ba su ji ba, suka tafa masa da ƙarfi. Nei Rotia ta cire tabarau ta rufe ido.

Dattijo Tabuia ya ji kowace kalma.

Ko gida bai bari an kai ba. A bakin maneaba ya ce wa 'yarsa, yadda Kautu zai ji, "Wanda ya tofa wa tabarmar da aka haife shi a kai, gobe zai tofa wa wadda ya aura. Kada in sake jin waƙar nan a kan gidana."

Ana cikin haka Baraniko ya sauka daga jirgi.

Ɗan kawun Kautu ne, ya girme shi, ma'aikacin jirgin dakon kaya. Ya dawo da sarƙa a wuya, da turaren da ke riga shi shiga ɗaki, da labarin biranen Hamburg da Busan. Yana magana yana tsartar da yawu ta gefen baki. Kafin azahar ya sha karewe mai tsami, wanda ya kwana ya zama bammi, har idonsa ya kaɗa. Amma yana da aiki, ya ga duniya, kuma ya ga Aroita a coci. Dattijo Tabuia ya fara amsa gaisuwarsa da fara'a.

Ranar da dangi suka taru cin abincin maraba da shi, Kautu ya zo da malafarsa. Baraniko ya ƙura mata ido, ya ƙura wa igiyar, ya yi murmushi da naman alade a haƙori.

"Ƙane," ya ce da ƙarfi, "bubuti nake yi. Malafar nan."

Aka ci gaba da cin abinci, don ba wani abu ba ne. Bubuti roƙo ne da ɗan'uwa ba ya hana ɗan'uwa. Riga ce, keke ne, injin jirgi ne, in an furta kalmar a gaban mutane sai ka miƙa. Wanda ya hana, shi da 'ya'yansa ba su da bakin roƙon kowa, kuma a tsibiri irin namu wanda ba ya roƙo ba ya rayuwa.

"Yaya, ga wayata."

"Ina da biyu."

"Ga wuƙar tatsata."

"Ni na ce maka zan hau bishiya? Malafa na ce."

Kautu ya ji idon mahaifiyarsa a kansa. Ya cire, ya miƙa. Baraniko ya kifa ta a kan gashinsa mai maiƙo, ya lalubo ragowar kwalbar turare a aljihu ya cilla masa. "Riƙe, ka rage warin kwakwa."



Kafin Kautu ya kai ga waya, Baraniko ya riga ya bi ta ƙofar gidan su Aroita, a hankali, yana gyara zaman malafa. Dattijo Tabuia ya san saƙar 'yarsa, ya san gashinta. Ya ce ashe yarinya ta yi hankali. Ga masu tambaya kuwa Baraniko cewa yake, "Musaya muka yi. Yaron turare yake so."

Saƙonta ya zo kamar mari.

"Gashina ka sayar da ragowar turare? Na gan shi a kan mashayi, yana sosa ƙeya da shi. Na wanke kaina sau uku har yanzu ƙyanƙyami nake ji. Kada ka sake ce min Venice."

"Bubuti ya yi, a gaban kowa. Wallahi ban sayar ba."

Saƙon bai shiga ba. Ta toshe shi. A aji ta koma gaba kusa da sandar Nei Rotia. Aka ba shi katin Paris shi kaɗai, ya juya shi ya kifa.

Labari ya zo cewa ranar Lahadi bayan coci dangi za su je gidan Tabuia nema wa Baraniko aure.

Ranar Asabar Kautu ya sauko daga bishiya ya tarar da Baraniko kwance a jikin garken aladu, ya yi amai a ƙirjinsa, ƙudaje sun yi masa rumfa. Malafar na gefe cikin caɓi, wani ɗan alade na shinshina igiyar ta tsakanin itatuwa. Ba kowa a wurin. Da ya ɗauke ta ya tafi, ba mai cewa ya gani.

Ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya tsaya. In ya tafi da ita ya zama ɓarawon abin da ya bayar da hannunsa, gobe kuma dangi za su tafi neman auren ko da malafa ko babu. Ya rataye ta a kan ƙusa inda alade ba zai kai ba. Ya ɗebo ruwan rijiya a bokiti, ya kau da fuska, ya sheƙa wa ɗan'uwansa.

"Tashi, Yaya. Gobe kana da aiki."

Lahadi dangi suka hallara a gidan Kawu Ioteba, mahaifin Baraniko. An naɗe sababbin tabarmi, an shirya taba ta dattawa, mata sun saka fararen riguna. Baraniko ya yi wanka, ya yi fes, malafa a kai. Kautu ya shigo a sunkuye kamar yadda ake ratsa manya, ya zauna a tsakiya, inda ba wurin zamansa ba.

"Kawu, ina da magana da Yaya."

"Yi sauri, rana na yi."

Kautu ya juya ga ɗan'uwansa. "Yaya Baraniko, bubuti nake yi. Tafiyar nan. Tabarmin, da tabar, da ƙafafun dangi, da bakinka. Ku je gidan Tabuia yadda kuka shirya, kai za ka yi magana, amma ni za ka nema wa."

Wata goggo ta saki kofin shayi.

"Kai, mahaukaci ne?" Kawu Ioteba ya daka tsawa. "Ba a taɓa bubutin neman aure ba!"

Kakarsu, wadda kowa ya ɗauka barci take a jikin ginshiƙi, ta buɗe ido ɗaya. "An taɓa bubutin gashin 'yar mutane? Ranar ina zaune, ban ji ka ce ba a taɓa ba."

"Inna, wannan daban."

"Kalma ɗaya ce. In ɗanka ya hana, ku faɗa min yanzu, in san jikokin da zan daina aika wa kifi."

Duk ido ya koma kan Baraniko. Ya dubi mahaifinsa, ya dubi ƙofa, ya buɗe baki zai tsartar da yawu ya fasa, ya haɗiye. Mutumin da ke barin iyayensa wata da watanni a hannun dangi ba shi ne zai ce a'a a gaban dangi ba. Girarsa ta ɗaga da ƙyar, kamar an ɗaura mata dutse.

"Ka cuce ni, ƙane."

"A wurinka na koya, Yaya."

Dattijo Tabuia ya tarbe su da murna, ya karɓi taba. Murnar ta fara zagwanyewa da Baraniko ya cire malafa ya ajiye a gaban Kautu. Ya yi magana kansa a ƙasa. Ya ce malafar ba shi aka saƙa wa ba, roƙa ya yi, ba musayar da aka yi. Ya ce ƙanensa ba ya sha, ba ya fashin hawa bishiya ko ana ruwa. Ya ɗan tsaya, sannan ya ƙara da cewa jiya ma shi ya tsamo shi daga inda bai kamata a ga mutum ba.

A bayan labulen kaba wani abu ya faɗi, kamar tsintsiya.

"Na ji," in ji Tabuia. "Malafa ta koma kan mai ita. Amma bakin da ya zagi garin nan a maneaba fa? Kai yaro, ka janye?"

Kautu ya san amsar da ake so. Iska ta shigo daga bayan gidan, inda gaɓa take, ta tuna masa.

"Baba, na yi kuskuren wuri, na ba manya kunya, ina neman gafara. Amma wari, yana yi. Ko yanzu."

Kawu Ioteba ya dafe goshi. Tabuia ya yi tari mai tsawo, ya dubi Kautu sama da ƙasa.

"Ka ɗauka mu ba mu da hanci? Shekara nawa ina shaƙarsa kafin a haife ka. Bambancinmu, ni ban je na koyo sunansa da Turanci na dawo ina yi wa mutane waƙa ba." Ya nuna bayan gida da haɓa. "Tunda hancinka ya fi na kowa, kai ya kamata ka riƙe shebur. Daga garkena zuwa igwar can, ka kwashe. Ka gina mana masai na bulo, mai ƙofa, wanda gidajen layin nan za su shiga. Ranar da na zauna a bayan gidana na ci kifi ban toshe hanci ba, ka turo a sa rana."

Washegari da sassafe Kautu na gaɓa, ya ɗaure hanci da tsohuwar riga, shebur a hannu. Abin da ya tono a makon farko ba ya faɗuwa. Sau biyu yana komawa bayan igwa ya amayar da karin kumallonsa. Maƙwabta suka riƙa tsayawa kallo. "Ango, ga wani can ka manta!" Yana cikin haka waya ta yi ƙara a aljihunsa.

"Mumbai na. Na ji komai ta bayan labule. Na yi maka mummunan zato, ka yafe min. Na wanke malafar da ruwan sama, na sake kitsa igiyar. Akwai karewe mai sanyi a kan katanga, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa kofina."

Ya zauna a kan bulo ya karanta har sau uku.

"Na yafe tun kafin ki tambaya, Venice. Yaya ake cewa da Turanci mutum ya gaji kamar zai mutu?"

"Exhausted. Yana bayan katin Tokyo. Ka ga amfanin karatu."

Aikin ya ci watanni. A tsakani aka yi jarrabawa, Aroita ta ci, shi ya faɗi, don Baturen ya tambaye shi abin da yake sha'awa, shi kuma ba shi da kalmomin. Baraniko, kafin jirginsa ya tashi, ya zo da buhunan siminti biyu ya jibge. Da ginin ya tashi, matan layin suka kafa doka, duk wanda aka kama ya tsuguna a gaɓa zai ji a jikinsa. Warin bai tafi duka ba, Betio ce. Amma wata yamma Dattijo Tabuia ya sa aka kai masa tabarma bayan gida, ya cinye kifinsa har kai, ya suɗe yatsu, ya aika a kira Kawu Ioteba.

An ɗaura auren a cocin da suka fara haɗuwa a rumfarsa, aka yi biki a maneaba. Nei Rotia ta yi rawa da sandarta. Kaka ta ci alade har ta nemi a kwance mata zane. Da aka natsa, Tabuia ya tashi da kambun furanni biyu, ya ɗora wa 'yarsa ɗaya, ya tsaya a gaban Kautu. Ya ɗora masa, ya bar tafin hannunsa a kansa, abin da bai taɓa yi wa ɗan wani ba.

"Lafiya ta bi ku, salama ta zauna da ku, wadata ta same ku. Duk ƙasar da kuka je, ku dawo."

Rumfa ta amsa baki ɗaya.

Aroita ta matso, kafaɗarta ta taɓa tasa. "An ce tafiyata sai bayan Kirsimeti. Jarrabawarka kuma wata mai zuwa. Gobe da safe akwai darasi."

"Gobe? Amarya, ki ji tsoron Allah."

"Ba zan hau jirgi in bar ka a saman kwakwa kana yi wa wasu waƙa ba. Wane birni za mu fara?"

"Garin da za a kai ki."

"Ƙauye ne, ba shi da kati."

"To ki kwatanta min shi da bakinki," in ji Kautu. "Masu kyan kawai. Zan haddace."